Kwalabe Uku Na Ciyar Da Murjanin Dutse: Har Ina Suke Iya Maye Gurbin Teku?

Kusan duk shagon da ke sayar da kayan tankin kifin ruwan gishiri yana da su jere a kan kanta: kwalabe uku, ɗaya ta kalsiyam, ɗaya ta kabonet, ɗaya ta magnisiyam, galibi da haruffan A, B da C a jikinsu. Kamfanoni da dama ne ke yin su. Red Sea na sayar da nasa da sunan Reef Foundation, wasu kuma suna danganta tsarin ga Hans-Werner Balling, Bajamushen da ya yaɗa shi a shekarun 1990. Suna ya bambanta, amma abin da ke cikin kwalaben kusan ɗaya ne, don haka wannan sharhi ya shafi saitin ne baki ɗaya, ba tambarin wani kamfani ba.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne saitin yana aiki, kuma ga ƙaramin tanki ko matsakaici babu hanyar da ta fi shi sauƙin sarrafawa. Sai dai da sharaɗi biyu. Na farko, a ce murjanin dutse ne a tankin. Na biyu, a ce mai tankin yana da kayan gwajin ruwa kuma yana amfani da su. In babu na biyun, gara ma kada a saya.

Me ya sa murjani ke buƙatar kwalba?

Murjanin dutse, wanda masana ke kira Scleractinia, dabba ne, ba tsiro ba. Kowane reshe ko dunƙule taro ne na ƙananan halittu masu baki ɗaya da 'yan hannaye kewaye da shi, ana ce wa kowace folif. Naman da ke raye siriri ne ƙwarai, kamar fata aka shimfiɗa a kan dutse. A ƙarƙashinsa folif ɗin yana ɗibar kalsiyam da kabonet daga ruwa yana haɗa su, yana ajiye ƙashi na kalsiyam kabonet, nau'in da ake kira aragonait. Ƙarfin yin wannan aiki yana zuwa ne daga wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, zooxanthellae, da ke zaune cikin naman murjanin, tana amfani da hasken rana tana haɗa abinci, ta ba mai masaukinta kaso mafi yawa na abin da yake bukata. Shi ya sa murjani mai gina tsauni yake son ruwa mai haske, marar zurfi sosai, mai ɗumin da ya kama daga digiri 23 zuwa 29. (Jan murjanin da ake yin tsakiya da sarƙa da shi wani dangi ne daban, ba ya cikin masu wannan gini.)

Folif na mutuwa, wani ya hau kan ƙashinsa ya ci gaba. Mai rassa irin su Acropora yakan ƙaru da santimita 10 zuwa 20 a shekara idan ya samu yanayi mai kyau, dunƙulalle irin su Porites kuwa wajen santimita ɗaya kacal. Igiyar ruwa ta karya rassa, kifin aku ya gurgure dutsen ya kasayar da shi yashi, tarkacen ya cika ramuka, sannan wata gansakuka mai tauri, mai launin ruwan hoda, ta bi ta liƙe komai kamar siminti. Da haka tsaunin murjani yake tashi. Babban tsaunin nan na gaɓar Queensland a Ostireliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300, tarin tsaunuka ne wajen 2,900, kuma abin da ke da rai a cikinsa fatar saman ce kawai. Charles Darwin ya faɗa a 1842 cewa zoben murjanin da ake gani a tsakiyar teku ya ginu ne a kan dutse mai aman wuta da ke nutsewa sannu a hankali, murjani na ƙara hawa don kada haske ya kuɓuce masa. Da aka haƙa rami a Enewetak, wani irin wannan zobe a tekun Pasifik, a 1952, sai da aka ratsa sama da mita 1,200 na dutsen murjani kafin a taɓo dutsen aman wutar.

Duk wannan gini, teku ce ke kawo kayansa, kuma kayan ba sa ƙarewa. Abin da murjani ya ɗiba yanzu, igiya ta gaba ta mayar. Tanki kuwa ba shi da igiya ta gaba. Lita 100 ne, lita 100 ɗin ke nan, kuma kullum murjanin na cire nasa rabo. Aikin kwalaben shi ne su zama wannan igiyar.

Abin da ke ciki, da lissafinsa

Ruwan teku na ɗauke da kalsiyam wajen ppm 420 (wato kashi 420 cikin miliyan), magnisiyam wajen ppm 1,300, gishiri kashi 35 cikin dubu, sai ƙarfin kabonet, wanda masu sana'ar ke ce wa KH kuma suke auna shi da ma'aunin dKH, wajen dKH 7. A tanki ana riƙe KH tsakanin 7 da 9, kalsiyam tsakanin 400 da 450, magnisiyam tsakanin 1,250 da 1,400.

Kwalbar kalsiyam ruwan kalsiyam kuloraid ce. Ta KH kuma ko sodiyam kabonet, ko sodiyam baikabonet, wato bekin soda, ko haɗin su biyun. Ta magnisiyam haɗin magnisiyam kuloraid ne da magnisiyam salfet. A lura da kyau: ba duka kamfanoni ne suka yarda a kan wace kwalba ce ta farko ba. A wasu, A ita ce kalsiyam. A wasu, mai lamba ɗaya ita ce ta KH. A karanta sunan sinadarin, kada a dogara da harafi.

Ga lissafin da ya kamata mai saye ya haddace. Duk lokacin da murjani ya cinye dKH ɗaya, kalsiyam da ya tafi tare da shi wajen ppm 7 ne. Ma'ana idan KH ya sauka daga 8 zuwa 7, fiye da kashi 12 cikin ɗari ya tafi, alhali kalsiyam ya sauka ne daga 420 zuwa 413, abin da bai kai kashi 2 ba, kuma yawancin kayan gwaji na gida ba za su ma iya nuna wannan bambanci ba. Saboda haka KH shi ne sitiyarin motar. Sababbin shiga sukan damu da kalsiyam saboda sunansa ne aka sani da ƙashi, su yi ta auna shi kullum suna ganin bai motsa ba, KH kuwa yana can yana zubewa.

Don ɗaga lita 100 da dKH ɗaya ana buƙatar giram 3 na bekin soda, ko wajen giram 1.9 na sodiyam kabonet. Kalsiyam ɗin da ya yi daidai da shi yana buƙatar wajen giram 2.6 na kalsiyam kuloraid nau'in mai ƙwayar ruwa biyu (dihydrate). Magnisiyam ne ke ba mutane mamaki: ɗaga lita 100 da ppm 100 yana cin kusan giram 84 na magnisiyam kuloraid nau'in mai ƙwayar ruwa shida (hexahydrate). Shi ya sa idan ruwa ya fara da ƙarancin magnisiyam, kwalbar C takan ƙare a gyaran farko, daga baya kuma sabuwar ta yi watanni ba a taɓa ta ba. Wannan ɗaya ne daga cikin aibun sayar da su a saiti mai girma ɗaya: ba tare suke ƙarewa ba, kuma bayan gyaran farko ta KH ce galibi ke riga sauran.

Yadda ake farawa

Takardar da ke jikin kwalba takan ce a zuba mililita kaza ga kowace lita 100. Wannan adadi yana nuna ƙarfin ruwan kwalbar ne, ba ya nuna abin da tankinka yake ci. Tanki biyu masu girma ɗaya, ɗaya da 'yan yanka biyar na murjani, ɗaya cike da Acropora, cinsu ba zai taɓa zuwa ɗaya ba.

Da farko a tabbatar da gishiri. Idan gishirin ya yi ƙasa, kalsiyam da magnisiyam duk za su nuna ƙasa, kuma maganin wannan gishiri ne, ba kwalba ba. Rifraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa, ana daidaita ta ne da ruwan gwaji mai kashi 35 cikin dubu, ba da ruwa zalla ba, don wasu na'urorin suna nuna sifili daidai amma su kauce a wajen 35.

Sai a gano ainihin yawan ruwan. Tankin da aka rubuta masa lita 100, bayan an sa duwatsu da yashi, mai yiwuwa lita 80 ne a ciki. Idan akwai ƙaramin tankin tacewa a ƙasa sai a haɗa da nasa.

Daga nan a gyara magnisiyam kafin komai, a hankali, kada ya wuce ppm 50 zuwa 100 a rana. Dalili kuwa shi ne ruwan teku ya riga ya ƙoshi da kalsiyam kabonet fiye da kima, magnisiyam ne ke hana shi zubowa ya zama gari. In magnisiyam ya yi ƙasa, duk abin da aka zuba na A da B ƙarewa zai yi a jikin hita da cikin famfo, ba a ƙashin murjani ba.

Bayan haka a auna KH, a rubuta, a bar tankin kwana uku ba a zuba komai ba kuma ba a canja ruwa ba, a sake aunawa a daidai lokacin da aka yi na farko. In daga 8.4 ya koma 7.5, to cinsa dKH 0.3 ne a rana. Wannan adadi ake mayarwa kullum, tare da kalsiyam ɗin da ya yi daidai da shi. Bayan mako guda a sake aunawa a gyara. Murjani na girma, cinsa na ƙaruwa, don haka adadin watan jiya ba lallai ya isa wannan watan ba.

Wurin zubawa shi ne inda ruwa ke gudu da ƙarfi, nesa da murjani. A da B ba sa haɗuwa: a bar aƙalla minti 10 zuwa 15 a tsakaninsu, kuma kada a auna su da sirinji ɗaya ko kofi ɗaya. In suka haɗu da ƙarfinsu, nan take ruwa zai yi fari kamar an kaɗa alli, kuma abin da ya zuba ɗin ba ya sake narkewa a tanki. Ɗan farin hayaƙin da ke bayyana sa'ad da aka zuba sodiyam kabonet sannan ya ɓace cikin daƙiƙoƙi, wannan ba komai ba ne. Wanda ya tsaya bai ɓace ba shi ne asara.

Inda ake samun matsala

Babbar ɓarnar da saitin nan ke jawowa daga gaggawa take. Mutum ya auna ya ga KH ya sauka zuwa 6, hankalinsa ya tashi, ya kwarara abin da zai kai shi 9 a zama ɗaya. Murjani masu ƙananan folif, irin su Acropora da Seriatopora, sun fi jure wa KH mai ɗan ƙasa da ya tsaya wuri ɗaya a kan mai kyau da ke tsalle. Sakamakon yakan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki: nama ya fara saɓulewa daga gindi yana barin farin ƙashi, wani lokaci dukan reshen ya tafi a dare ɗaya. Kada gyara ya wuce dKH ɗaya a rana.

Akwai kuma abin da ake kira ƙonewar kan reshe. Yakan faru idan KH ya yi sama, kamar 10 zuwa 11, alhali naitiret da fosfet, sinadaran da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, sun yi ƙasa har gwaji ba ya ganin su. Ƙashi na son gudu, nama ba shi da abincin da zai bi shi, sai kan reshen ya tsiraita, gansakuka ta hau. Wanda ke riƙe ruwa tas irin haka ya tsaya kusa da dKH 7 zuwa 8. Yawancin masu kiwo sukan bar naitiret tsakanin ppm 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. Fosfet in ya yi yawa shi ma yana dakushe ginin ƙashi, kuma babu adadin kalsiyam da zai gyara wannan.

Aibin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne gishiri. Murjani ya ɗauki kalsiyam ya bar kuloraid, ya ɗauki kabonet ya bar sodiyam, su biyun kuma in sun haɗu gishiri ne. A tankin da ke cin dKH ɗaya a rana, gishirin da ke taruwa ya kai wajen giram 2 a kowace lita 100 kullum, wato ƙarin kusan 0.6 cikin dubu a wata. Ba a ganin sa a mako guda, amma a wata shida ya isa ya fitar da ruwa daga inda ya kamata. Maganinsa a riƙa auna gishiri duk mako, a ɗebi ɗan ruwan tanki a mayar da tataccen ruwa marar gishiri. Sai dai wannan ɗibar tana tafiya da sauran sinadarai kamar fotasiyam da salfet, don haka canjin ruwa na kashi 10 cikin ɗari duk mako ko mako biyu bai zama abin yarwa ba. Wasu saitin suna haɗa waɗannan sinadarai a kwalba ta uku ko ta huɗu domin wannan dalili, kuma a ganinmu waɗannan sun fi cancantar kuɗinsu.

Sodiyam kabonet yana ɗaga pH, wato ma'aunin da lambarsa ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, bekin soda kuwa yana ɗan sauke shi na ɗan lokaci. Tankin da ke ɗaki a rufe, inda numfashin mutane ke tara iskar kabon, pH ɗinsa yakan kwana kusa da 7.8, irin wannan na kabonet ya fi dacewa da shi, kuma a zuba da asuba kafin fitilu su kunna, lokacin da pH ya fi sauka. Amma in adadin ya yi yawa a raba shi kashi huɗu ko fiye a cikin yini.

A nan ne famfon ɗiga ke shigowa, wanda ke matsa siririn tiyo yana tura ruwa mililita-mililita bisa agogo. Yana da amfani sosai da zarar cin tanki ya wuce rabin dKH a rana. Abubuwa uku ke lalata aikinsa. Rashin daidaitawa: a sa shi ya tura mililita 50 a cikin kofin awo a ga ko 50 ɗin ne ya fito, a maimaita duk wata biyu ko uku don tiyo na gajiya. Toshewar baki: bakin tiyon KH yana yin ɓawon fari in ruwan tanki na fantsama masa, don haka a ɗaga shi sama da ruwa. Sai zuƙowa: in an ajiye kwalaben sama da tanki kuma tiyo ya saki, ruwan na iya kwarara da kansa har kwalba ta ƙare. A ajiye su ƙasa da bakin tiyo, kuma kada a haɗa famfo da jarkar da in ta juye gaba ɗaya za ta kashe tankin.

Kayan gwaji su ma suna yaudara. Irin na ɗiga, wanda ake ɗiga magani da sirinji har launi ya juya, ana karanta shi ne daga baƙin zoben abin turawa, ba daga inda ruwan ya tsaya ba. Iskar da ke tsakani ba kuskure ba ce. Magani yana tsufa, kwalbar gwajin da ba a ɗauraye ba tana ƙara lamba. In sakamako ya zo da abin mamaki, a maimaita kafin a taɓa kwalba.

Idan aka gwada su da sauran hanyoyi

Ruwan farar ƙasa, wato kalsiyam haidiroksaid da aka narkar, ya fi araha, yana ba da kalsiyam da KH daidai wa daida, ba ya barin gishiri. Amma lita ɗaya ba ta narkar da fiye da giram ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma tankin lita 100 mai cin dKH ɗaya yana buƙatar kusan lita guda a rana. Tunda ana zuba shi ne a madadin ruwan da ya ƙafe, iyakarsa iyakar ƙafewar. Ga pH ɗinsa sama da 12, in ya kwarara da yawa lokaci guda ɓarna ce.

Na'urar narkar da dutse, wadda ake hura wa iskar kabon ta sauke pH na cikinta zuwa wajen 6.5 ta narkar da tsakuwar aragonait, ita ce ta manyan tankuna. Tana da tsada a farko, tana son tukunyar gas da saiti mai haƙuri. Ga tankin lita 100 zuwa 400, kwalabe sun fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. Daga nan zuwa sama kuɗin kwalaben ruwa ya fara ciwo, sai a koma sayen garin sinadaran a haɗa da tataccen ruwa a gida.

Wanda murjaninsa masu laushi ne kawai, waɗanda ba sa gina dunƙulallen ƙashi, ko kuma yana da 'yan yanka biyu uku na masu manyan folif irin su Euphyllia, sau da yawa canjin ruwa kaɗai ya ishe shi. Ya yi gwajin kwana ukun nan. In KH bai motsa ba, ya riƙe kuɗinsa.

Abin da kwalba ba ta yi

Ba ta maganin zafi. Idan ruwa ya ɗara zafin da murjani ya saba da shi da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, yakan kori gansakukar da ke cikinsa ya koma fari fat, kamar yadda aka gani a faɗin tsaunin Ostireliya a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. A tanki ma haka ne, sai dai ƙaramin ruwa ya fi saurin ɗumama. A riƙe shi tsakanin digiri 25 da 26. Farin murjani bai mutu ba tukuna, amma ya kusan daina gini, kuma nan akwai tarko: cin KH zai faɗi warwas, famfo kuwa yana ci gaba da tura adadin da aka saita masa, KH ya haura ya ƙarasa murjanin da ke fama da kansa. Duk ranar da murjani ya yi fari, ko fitila ta lalace, ko aka cire wani babban dunƙule daga tanki, a rage ɗigar nan take a auna KH kullum har ya daidaita.

Haka kuma ba ta maye gurbin gudun ruwa, wanda ke kawo sinadaran bakin folif ya kwashe masa datti, ba ta maye gurbin haske. Murjanin da za a zuba wa kwalaben kuma, gara a nemi wanda aka yanka daga na kiwo. Dukan murjanin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai na dawa, ma'ana fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini, kuma yankan da ya girma a tanki ya riga ya saba da fitila da ruwan haɗi. Alamar cewa ya karɓi wurin ita ce gindinsa ya fara malala a kan dutsen da aka liƙa shi, kan rassansa su yi haske, KH kuma ya fara sauka da sauri fiye da na makon jiya.